Inda Ƙadangarenka Ya Haihu

Da sunan wanda ya halicci mai tafiya da ƙafa biyu, da mai tafiya da huɗu, da mai jan ciki, ya ba kowa mazauni ya ce masa nan ne naka. Ni ne Tunau baduku, ƙanen Arzika baduku, jikan majema. Na sha ruwan rijiyoyin da ba su da suna, na taka ƙasar da falke bai san hanyarta ba, na ga abin da in na faɗa a kasuwa sai a ce rana ta taɓa ni. Wanda ya yarda ya yarda. Wanda bai yarda ba, rumfarmu ba ta da ƙofa, ya zo ya ga abin da muka dawo da shi da abin da muka baro.

Fata ce ta fitar da mu daga gida. Wani matafiyi ya kawo wa Yaya Arzika guntunta, bai kai tafin hannu ba, ja wur, kuma ba rini ba ne, haka Allah ya yi ta. Ya ce fatar wani ƙadangare ce da babu irinsa sai a ƙasar Kurmazau, can bayan Hamadar Toka. Yayana mutum ne da hannunsa ya fi bakinsa magana. In ya riƙe basilla, sarakuna ne ke jiran ɗinkinsa. Ni kuwa kullum cewa yake ɗinkina tafiyar ƙaguwa ce. Ya juya fatar nan, ya shinshina, ya ce, "Tunau, ba zan mutu ban ɗinka kube da wannan ba."

Na ce, "Haba Yaya, ƙadangare fa? Ga su nan a katangar gidanmu suna gyaɗa mana kai kyauta."

Ya ce in rufe baki in ɗaure kaya. Na ɗaure. Tun rasuwar tsohonmu shi ne uba, kuma tuwo ba ya yi mini daɗi in ba yana gefe yana zagin ɗinkina ba.

Kurmazau ƙasa ce mai hawa huɗu, kowane hawa da mutanensa da ƙadangarensa. A can sama akwai Dutsen Sanyi, mazaunin jan ƙadangaren da suke kira garwashi. Ƙarƙashinsa Farin Fili ne, gishiri zalla, mazaunin ɗan-tsere. Sai Kurmin Lema, inda mai-lema ke shawagi tsakanin itatuwa. A ƙasa duka sai Baƙin Kogi da fadamarsa, inda baƙin tsari, ƙaton ƙadangaren ruwa, ke mulki. Babu ganuwa tsakaninsu, babu dutsen iyaka. Dokarsu ɗaya ce tun kaka da kakanni: ƙasarka ita ce inda ƙadangarenka ya haihu. Kuma ɗan ƙasa ba ya ɗaukar ƙadangaren gidansu ya ƙetare da shi, don sun yi imani hannun da ya yi haka ruɓewa yake. Duk wannan daga baya na sani. Baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Ta bayan dutsen muka shigo da hantsi, sanyi na cizon kunne. Ga garwashi nan birjik a kan falalen dutse suna shan rana, kowanne ya kai tsawon kamu, ba sa ma gudun mutum. Na miƙa hannu na ɗauki wata mai ƙiba kamar mai ɗaukar goro a faifai. Yaya ya zare wuƙarsa ya yi bisimilla ya yanka, ya tsaga cikin. Sai na ga ya tsaya cak. Babu ƙwai a ciki. 'Ya'ya ne ƙanana, da ƙafafunsu da jan wuyansu, suna motsi.

Ya ce, "Ikon Allah! Tunau, wannan ai haihuwa take yi kamar akuya."

Ban kai ga amsawa ba dutsen majajjawa ya same ni a ƙeya. Kafin duhu ya rufe mini ido na ga abin mamaki: mayaƙan da suka rufar mana sun runtse idanu, suna lalube, har suka lulluɓe gawar ƙadangaren da mayafi ba wanda ya dube ta.

Na farfaɗo a fadar Sarki Jangaru, a ɗaure baya da baya da yayana. Jangaru ƙato ne mai tabon sara daga goshi zuwa haɓa, amma mutanensa duk ƙashi ne da ido, don dutse ba ya fid da hatsi. A gefe guda makafi ne zaune jere, ramin idonsu a ƙone. Waɗannan su ne suka taɓa leƙa tsagar dutse inda garwashi ke shiga. A bangon bayan sarki kuwa fatu ne a shanye, kuma ba sai an gaya wa baduku fatar mece ce ba. Fatar mutane ce, an feɗe su da rai, aikin ma ba kyau.

Yaya ya ɗaga murya ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na yanka. Ƙanena bai taɓa wuƙa ba. Da na san tana da ciki ma, da 'ya'ya a ciki suna motsi, wallahi da ban..."

Bai ƙarasa ba fadar ta ɗauki kururuwa. Wani tsoho mai suna Mai Tsaga, wanda shi ne bokan da ke tsaron tsagogin, ya taso ya maka masa sanda a baki. Na ji ƙarar haƙora, na ji jini mai ɗumi ya bi kafaɗata.

Mai Tsaga ya ce, "Ƙarya kake, baƙon banza! Garwashi ƙwai yake yi a zuciyar dutse, ƙwan da ido bai isa ya gani ba. Kai ka haɗa shi da akuya?"

A nan na koyi cewa akwai gaskiyar da ake biya da haƙori. Na haɗiye tawa.

Aka kawo wuƙaƙen fiɗa, amma Jangaru ya ɗaga hannu. Ya daɗe yana kallona, sa'an nan ya ce, "Kai, ƙaramin. Ba ka da ƙadangare, saboda haka ba ka da iyaka, hannunka ba zai ruɓe ba. Mutanena suna cin gansakuka, ga fadamar Baƙin Kogi can hatsi na zuba ƙasa. Zan ba ka kwandon garwashi. Ka kai su bakin kogi su yi ƙwai a can, ka aiko mini in zo in rantse a kai a gaban dattawan ƙasa huɗu, fadamar ta zama tawa. In ruwan farko ya sauka ban ji daga gare ka ba, fatar yayanka ganga za ta zama."

Aka kwance ni. Yaya ya ce a miƙo mini wuƙarsa, aka miƙo. Maganarsa na fita da ƙyar ta fasasshen baki ya ce, "Riƙe ta. Ka riƙa wasa ta, na san halinka da ƙyuya." Na karɓa. Na saɓi kwando a gaba, ƙunshin kayan ɗinkinsa a baya, na gangara ina kuka kamar yaron da aka yaye.

Farin Fili wuta ne da aka shafa wa alli. Ba ciyawa, ba inuwa, sai gawarwakin masu ƙetare iyaka da aka kafe a tsaye cikin gishiri, sun bushe ƙayau, bakinsu a buɗe. Ɗan-tsere ne kaɗai ke jin daɗin wurin. Fari ne fat, siriri, yana gudu a miƙe da ƙafafun baya don kada cikinsa ya taɓa ƙasa, in rana ta take sai ya nutse ƙarƙashin ɓawon gishiri inda akwai laima. Garwashina kuwa suka fara buɗe baki suna haki. Na jiƙa musu rawanina da ruwan shana na rufe kwandon, duk da haka kowace safiya sai na fitar da gawa, jan ya dushe ya koma toka.

Wata rana ina hutawa a gindin wata gawa, don ita kaɗai ce inuwa, na ga shaho ya faɗo wa ɗan-tsere. Ya tashi sama da abin da ya kama, sai ga shi wutsiya ce kawai tana mutsu-mutsu a ƙafarsa, mai ita tuni ya nutse. Na yi dariyar farko tun barina dutse, na ce wa shahon ya ci da haƙuri.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ƙura ta taso daga yamma, mahaya jimina ne, mutanen gishiri, da māsu masu tsini biyu. Na ruga, amma wa ya taɓa tsere wa jimina? Mashin farko ya yage mini cinya. Sai na tuna shaho. Na yanke igiyar ƙunshin da ke bayana, aikin hannun Yaya na shekaru ya watse a kan gishiri: takalma masu ado, jakunkuna, kube, linzami mai tuntu. Mutanen da ba su taɓa ganin jar fata da kore ba suka diro suna wawaso. Biyu suka kama takalmi ɗaya, ɗayan ya soke ɗan'uwansa a maƙogwaro, nan take wuri ya rikice, jini na tafasa a kan gishiri. Na ja ƙafata na yi gaba da kwandona. Da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni.

Mahayi ɗaya ne bai kula da takalmi ba, ni yake so. Ya biyo sawun jinina har cikin Kurmin Lema, inda itatuwa suka haɗe kai rana ba ta taɓa ƙasa. Mai-lema kore ne, yana da fata tsakanin hannu da ƙafa wadda yake buɗewa ya yi shawagi, ba ya sauka ƙasa tun daga ƙwai har mutuwa, a kogon itace yake komai nasa. Abin da yake jira shi ne jiki mai ɗumi ya gifta ƙarƙashinsa. Mahayin na dab da ni, har ina jin numfashin jiminarsa, sai na ji sama ta ɗauki shuu kamar ana sheƙar hatsi. Suka zubo masa. Ban ƙara ganin fuskarsa ba, sai kore. Ya yi ihu, ya faɗi, dafinsu ya kumbura jikinsa har awarwaron hannunsa ya nutse cikin nama, jiminar ma ta bi shi.

Sai suka juyo kaina. Na yi kalmar shahada na runtse ido. Na ji ƙananan farata a wuyana, a fuskata, a kan raunin cinyata. Suka tsaya, suka shinshina, sai ɗaya bayan ɗaya suka yi tsalle suka bar ni kamar an kore su. Warin jima ne, jama'a. Bagaruwa da toka da ruɓaɓɓen gashi da suka shiga jikina tun ina goye, waɗanda sabulu bai taɓa fitarwa ba. 'Yan matan garinmu da ke toshe hanci in na wuce, na yafe musu a wurin nan, har na sa musu albarka.

Da na fito bakin Baƙin Kogi garwashi ɗaya ta rage, mace mai ciki. Fadamar kuwa ga ta shar, dawa ta sunkuyar da kai, iska mai nauyi da laima. Na gina mata ɗan ɗaki da duwatsu, na kamo mata fara, na yi mata fifita kamar amarya. A banza. Halittar sanyi da busasshen dutse ce, laimar ta shaƙe ta. Ta haifi 'ya'yanta matattu a tafin hannuna, ta bi su. Na ɗaga kai na ga gajimare ya fara haɗuwa a gabas. Ban taɓa ƙin hadari ba sai ran nan.

A haka masunta suka same ni, ban ko motsa ba. Suka rataye ni a gora da ƙafa, kaina a ƙasa, bisa ruwa. Don in san abin da ke jirana suka fara jefa akuya. Ruwan ya tsage, baƙin tsari ya fito, tsawonsa ya kai kwalekwale, harshensa ya kai igiyar guga. Wani ya fito ta ɗaya gefen, suka ja, akuya ta rabu biyu tana kuka.

Wata tsohuwa ta matso tana dogara matuƙi, wato sandan tuƙa kwalekwale. Ita ce Magajiya Gwamma, shugabar mutanen kogi. Ta ce, "Ɗan nan, wa ya aiko ka ka mutu a ƙofar gidana?"

Na ce, "Inna, a sauke ni in faɗa, magana ba ta fita ta juye."

Ta ce, "Faɗi a haka. Ƙarya ce ke wuyar fita ta juye."

Na faɗa mata duka, tun daga guntun fata har gangar da za a yi da yayana. Da na zo kan 'ya'yan da ke cikin garwashi ta sa aka kawo kwandon, ta duba da idonta, don su ba su da wannan tsoron. Sai ta fashe da wata dariya marar daɗin ji.

Ta ce, "Ashe ba ya ƙwai! Shekara da shekaru muna kwana da fargabar ranar da za a tsinci jan ƙwai a fadamarmu, ashe babu shi. Ku sauke shi." Da aka zaunar da ni ta ce, "Kakar bara Jangaru ya sauko satar hatsi. 'Ya'yana maza ya tarar a gona. Fatunsu na bangon fadarsa, wataƙila ka gan su."

Na ce na gani. Ban ce mata aikin ba kyau ba.

Ta kai ni wani ƙaton suri a bakin ruwa. Ta ce tsari a cikin suri yake ƙwai, gara ta liƙe ramin, ƙwan ya kwanta cikin ɗumi har ruwan farko ya tausasa ƙasar, sa'an nan 'ya'yan su fasa, iyayen su fito daga kogi su tarbe su. Ta ce, "Doka ta ce mai neman ƙasa ya ɗora hannu a kan ƙwai ya rantse. In nasa ya fito, ƙasa tasa ce. In na masu ƙasa ya fito, shi kansa rabon ƙadangaren wurin ne. Mutumin da bai taɓa ganin ƙwan gidansu ba, da me zai gane na wani?"

Na ce, "Inna, ki yi mini alkawari ba za a taɓa yayana ba."

Ta ce, "Mutanena ba za su taɓa shi ba. Tsari kuwa ba ya jin alkawari."

Aka buga gangar saƙo cewa garwashi ya yi ƙwai a fadama, ta bi kurmi, ta bi gishiri, ta hau dutse. Kwanakin jira ban yi komai ba sai kallon sama da wasa wuƙar Yaya a dutsen bakin kogi, har ta kai tana aske gashin hannu.

Suka iso wata rana da azahar, sama ta yi baƙi ƙirin, iska ta ɗauke. Dattawan ƙasa huɗu suka zauna. Mayaƙan dutse suka ajiye māsu a bakin fadama kamar yadda doka ta ce. Na hango Yaya, ya rame har na fi gane shi da tafiya, na yi hamdala. Da suka matso na ga abin da ya katse mini hamdalar. Sarƙa ce gajera tsakanin hannun hagun sarki da hannun daman yayana, ƙarfen an ɗaure shi a maƙera, ba makulli ba mabuɗi.

Jangaru ya ga inda idona ya tsaya. Ya yi murmushi ya ce, "Na san halin baƙi. Abin da ya same ni ya same shi. Ina ƙwaina?"

In na yi magana a feɗe mu biyu. In na yi shiru, ga kogi. Na ɗauki fartanya na fasa gefen surin. Ƙwai suka bayyana, farare, manya, sun fi na agwagwa. Mai Tsaga da mayaƙan duk suka rufe fuska da hannu, don ido bai isa ya ga ƙwan garwashi ba, saboda haka babu wanda zai ce wa sarki anya. Jangaru kaɗai ya duba. Wallahi na ga hawaye a idon azzalumin nan.

Ya ce, "Ku ji girmansu! A dutse yunwa ce ta hana garwashi yin irinsu. Ashe ƙasar nan tun asali tamu ce."

Yaya ya dubi ƙwan, ya dube ni. Shi ya tsaga cikin garwashi da hannunsa, ya san abin da na yi. Sai ya gyaɗa kai kaɗan.

Jangaru ya durƙusa, Yaya ya durƙusa dole. Ya ɗora hannu ya ce, "Abin da ke cikin ƙwan nan nawa ne, ni nasa ne. Dattawa ku shaida." Suka ce sun shaida. Muka zauna jira. Sai ɗigo ya faɗo mini a goshi, sai wani, sai sama ta ɓalle.

Surin ya jiƙe ya fara zubewa. Ƙwai ɗaya ya motsa, ya tsage, kai ya leƙo. Baƙi ne sitik. Na biyu baƙi, na uku baƙi, suna wani siririn kuka. Magajiya Gwamma ta miƙe ta buga matuƙinta a ƙasa ta ce, "Dattawa, kun gani."

Jangaru ya yi ruri, "Ku kashe su!" Ashe mayaƙansa da wuƙaƙe a ɓoye cikin gashi. Suka afka wa dattawa, dattijon mutanen kurmi ne ya fara faɗuwa, hanjinsa a hannunsa. Masunta suka fito daga cikin dawa da māsun kamun kifi. Na ga Mai Tsaga, har yanzu hannunsa na kan ido, mashi ya shiga ta bayansa ya fito ta ƙirji. Laka ta koma ja. Ni ban kula da kowa ba, ina ta kutsawa wajen yayana, wani ya sare ni a kafaɗa ban ma waiwaya ba.

Sai kogin ya buɗe. Iyayen sun ji kukan 'ya'yansu. Suka hauro gaɓa da gudu, suna bugun mutane da wutsiya ana jin ƙashi na karyewa. Babbarsu ta nufi wanda ke kan surin. Jangaru namiji ne, ba zan hana shi wannan ba, ya soka mata wuƙa a ido har ƙota. Ta kama shi a cinya, ta girgiza, ta fara ja da baya. Sarƙa ta miƙe, Yaya ya faɗi rub da ciki, laka na tafiya da shi.

Na faɗa kansa na rungume ƙugunsa. Aka ja mu mu uku. Na kafa ƙafa a saiwar wata bishiya, na zare wuƙa na sari sarƙar, wuta ta yi tartsatsi, ko gezau. Na sake sara. Ruwa ya kai Jangaru ƙirji, yana ihu yana jawo sarƙar da hannu biyu don ya fito ta kanmu. Gwiwar hannun Yaya ta shiga ruwa. Wani tsarin ya ɗago kai kusa da mu.

Yaya ya juyo ya dube ni, ruwa na zuba a fuskarsa. Muryarsa irin ta rumfa ce, irin wadda yake koya mini aiki da ita. Ya ce, "Bar ƙarfen, sakarai. A gaɓa."

Na ce, "Yaya, hannunka ne! Na dama ne!"

Ya ce, "Na san wanne ne. A gaɓa, Tunau, kada ka sari ƙashi. Ja ɗaya."

Na laluba da babban yatsa na sami gaɓar, kamar yadda ya koya mini a ƙafar akuya tun ina yaro. Na yi bisimilla. Wuƙar ta wasu.

Muka faɗa baya cikin laka. Jangaru ya nutse da sarƙarsa, da abin da ke ɗaure a ɗaya bakinta. Abin da na gani na ƙarshe yatsun nan ne da suka ɗinka wa sarakuna sirdi, a buɗe, ruwa ya rufe su.

Na ɗaure dantsen da igiyar wandona. Magajiya ta sa aka kawo tafasasshen man kifi aka zuba, Yaya ya suma. Ni na ɗinke bakin dungun da basillar masunta da jijiya, ina yi hawaye na hana ni gani. Da ya farfaɗo ya ɗaga shi ya duba, ya ce da ƙyar, "Ka ga? Ƙaguwa." Na yi dariya, na yi kuka, har masunta suka ɗauka na taɓu.

Dattawan da suka tsira suka ce wa Magajiya dutse ya zama nata. Ta ce me za ta yi da shi, tsarinta ba ya hawan dutse. A sauko mata da fatun 'ya'yanta ta binne, wanda ke jin yunwa kuma ya kawo ƙarfe ya karɓi dawa. Ta ba mu jirgi da guzuri, muka bi kogi muka fita daga Kurmazau ba tare da ko ƙyallin jar fata ba.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan, abin da ya ɓuya kuwa Mai halitta ya sani. Yanzu ni ke ɗinki a rumfa, Yaya na zaune gefe yana danne mini fata da dungunsa. Wani lokaci nakan kama shi yana kallon ƙadangarun katanga, musamman wani mai guntuwar wutsiya da ta fara tsirowa. Shekaru ya yi yana zagin kowane ɗinki da na yi, ni kuwa ina cin tuwona da daɗi. Sai bara na gama wani kube na miƙa masa. Ya karɓa da hagu, ya juya, ya kai shi haske, ya bi ɗinkin da farce daga baki har gindi yana neman inda ya karkace. Ya daɗe yana nema. Sa'an nan ya ajiye shi a hankali a kan tabarma, ya juya fuskarsa bango.

Tun ran nan bai sake zagin ɗinkina ba, kuma wallahi na fi son zagin.